Alluna Talatin da Ɗaya na Malama Mai Zare

A cikin alluna talatin da ɗaya da Malama Mai Zare ta haɗa a shekaru ashirin da biyu, ashirin da tara aka warware a wuni guda, tana raye, ba a kuma tambaye ta ba.

Haihuwa da karatu

An haife ta a shekarar 1958 a rukunin gidajen ma'aikata da ke bayan tashar jirgin ƙasa, mahaifinta mai gyaran layin tarho ne, mahaifiyarta kuwa tela. Ta kammala digirin lissafi a 1981, inda ta ƙware a reshen da ke nazarin ɗigo da layukan da ke haɗa su.

Aiki da iyali

A 1983 wata cibiyar bincike da ke bakin tafki ta ɗauke ta aiki, a shekarar kuma ta auri wani malamin awon filaye. Kowace safiya takan karɓi kifi daga masunta, ta farke cikinsa ta ga abin da ya ci. Sai ta kafa ƙusa a allon katako a madadin kowace halitta, ta ɗaura zare daga mai ci zuwa wanda aka ci. Daga nan laƙabinta ya samo asali. Mijinta yakan ce shi tela ya aura, ba a dai taɓa ɗinka masa ko hula ba.

A 1994 allunan suka nuna cewa wani ɗan kifi da masunta ke zubarwa yana riƙe da zare arba'in da uku, idan ya ƙare manyan kifaye za su bi bayansa.

Tsakanin sassa biyu

Sashen lissafi na cibiyar ya ce aikin nata ƙarnin kifi yake yi, na masu ilimin halittu ne. Sashen ilimin halittu ya ce ƙidaya ce kawai. Sau huɗu ta rubuta tana neman ɗaki da wanda zai shigar da bayanan a kwamfuta, kowane sashe ya miƙa takardar ga ɗan'uwansa. A baranda allunan suka zauna, jingine da bango.

A Maris 2005, ana jibi masu duba cibiyar za su iso, aka umarci mai kula da sito ya share barandar. Ya zare ƙusoshin ya zuba a gwangwani, ya ƙone zaren, katakon kuma aka yi kantocin ajiye kaya da shi. A lokacin an riga an gina madatsa a tafkin, rabin halittun sun ɓace, babu halin sake aikin. Da shugaban cibiyar ya ba ta haƙuri, ya ce ai katakon bai lalace ba, abin da ta ce kawai shi ne: "Ranka ya daɗe, ni ba kafinta ba ce." Ta ajiye aiki a ƙarshen watan.

Rasuwa

Ta rasu ranar 9 ga Yuli, 2019, tana da shekara sittin da ɗaya, aka binne ta a maƙabartar da ke kallon tafkin. Ta bar mijinta da 'ya'ya uku: babbar ungozoma ce, na tsakiya injiniyan ruwa, autar kuwa malamar lissafi.

Kwana goma sha ɗaya bayan jana'iza, cibiyar ta rubuto wa iyalin tana neman alluna biyun da suka tsira saboda suna gidan Malama, a matsayin kayan cibiyar. Babbar 'yar ta amsa da tambayar wane sashe za ta kai wa. Har yau ba a ba ta amsa ba.