Hannun Daman Dankure

Dankure maƙwabcina ne a Argungu, katanga ɗaya ta raba mu. Tun yana yaro na san shi da abu biyu, iya ruwa da rashin son a fi shi. Ɗan masunta ne gaba da baya. Kafin ya yi gemu ya iya riƙe homa, ragar kamun kifi, kuma idan ya cusa hannu cikin laka yakan faɗa maka irin kifin da ya taɓa tun bai fito da shi ba.

Yana da taubashi, Kamilu, ɗan kawunsa da ke zaune a Badariya cikin Birnin Kebbi. Wasansu ba ya ƙarewa. Kamilu na kiransa bawana, shi kuma yana kiran Kamilu ɗan birni mai tsoron kwaɗo. Da Kamilu ya shiga soja, Dankure bai yi shawara da kowa ba ya bi sahu. Ni na san ba son kaki ya kai shi ba. Ya ƙi ne a ce ranar Sallah Kamilu ya zo da takalmi mai ƙyalli shi kuwa yana ƙarnin kifi.

Aka tura su arewa maso gabas tare, kuma mota ɗaya suke ciki ranar da ta taka nakiya. Allah ya yi da sauran kwana, amma ɓarɓashin ƙarfe ya shiga hannun daman kowannensu, ya tsinka jijiyar da ke sa yatsu motsi da ji. A asibitin sojoji aka ce su jira raunin ya yi tsabta, sannan a yi aikin haɗa jijiyar. Kamilu ya zauna ya jira. Dankure kuwa da ya ga fata ta haɗe sai ya ce ya warke, ya nemi izini ya taho gida.

A nan muka yi ɓarna, mu da shi. Mu a wurinmu idan ciwo ya rufe baki to an gama, abin da ya rage na maɗori ne. Aka yi ta shafa man shanu ana jan yatsu. Shinkafa ta nuna a fadama, mahaifinsa ya tsufa, Dankure ya ce sai an gama girbi. Aka gama, ya ce sai bayan damina. Lokacin da ya koma asibiti hannun ya rame kamar busasshen kifi.

Aikin da aka yi wa Kamilu shi aka yi masa, likita ɗaya ma. Aka ciro 'yar jijiya daga bayan ƙafarsa, aka ɗinka ta a gurbin wadda ta tsinke, ƙarƙashin madubi mai ƙara girman abu, da zaren da ya fi gashi siranta. Sai dai likitan bai ɓoye masa ba. Ya ce jijiya a hankali take tsirowa ta gangaro zuwa yatsu, kuma naman hannunsa ya daɗe yana jira har ya mutu. Motsi da wuya ya dawo. Ji kuwa wataƙila.

Hannun Kamilu kuwa sai ci gaba yake yi. Duk zuwansa Argungu sai an taru a teburin mai shayi ana ƙwanƙwasa masa hannu da yatsa, a ji inda tsikarin ya kai, a sa alama da biro. Wata na gaba alamar ta gangaro. Ranar da babban yatsansa ya motsa har kabbara aka yi. Dankure yana gefen benci, hannu cikin aljihun riga, fuska kamar an aiko masa da mutuwa.

Hassada ta ci shi, ba wani suna da zan ba abin. Ya ce likitan ya fi kula da Kamilu don ɗan birni ne. Ya ce ai raunin Kamilu ƙujewa ce kawai. Ya daina fitowa cin tuwo da mu a ƙofar gida, sai ya shige ɗaki matarsa Hanifa ta kai masa cokali, don kada a ga yana ci da hagu. Ni ma ina jin haushin halin nan nasa, amma idan na ga masunta sun nufi gulbi shi yana zaune yana gadin rumbun albasar wani, sai bakina ya mutu.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne Kamilu ya daina yi masa wasa. Babu bawana, babu tsiya, sai ɗan'uwa ya jiki. Wata rana ya ce da ni, “Malam Usmanu, ka ga abin da yaron ga ka yi min? Tausaina shi kai. Ni Dankure, Kamilu ka tausai!”

Da Hanifa ta haihu, Kamilu ya zo suna. Shi ya karɓi wuƙa ya feɗe ragon da hannun nan nasa, mutane suna leƙe suna cewa ikon Allah. Dankure ya tsaya daga nesa yana karɓar barka, idonsa na kan wuƙar. Da aka gama Kamilu ya wanke hannu ya taho yana dariya, murna ta sa ya manta da ciwon. Ya cafki hannun daman Dankure ya matse iya ƙarfinsa, irin gaisuwar da suka saba tun suna samari.

Dankure ya fizge. “Kai, sake ni! Ka ji min ciwo.”

Kamilu ya tsaya cak. “Mi kac ce? Ka ji?”

Dankure ya dubi tafin hannunsa. Kamilu ya juya yana kiran mutane, yana cewa ku zo, wallahi ya ji, jijiyar ta iso. Aka taso aka kewaye shi, kowa na son ya taɓa.

Da jama'a suka watse na same shi a zaure shi kaɗai, ya ɗora hannun a gwiwa, yatsun a kwance yadda suke. Na ce masa barka biyu ke nan yau, ya kamata ya gode wa Allah.

Ya ce, “Na gode mai. Amma Malam, tun da anka yi aikin ga nike roƙon in ji wani abu, ko da zahin wuta na. Kuma abin da nif fara ji, ƙarhin hannun Kamilu.”