An Raba Wutar Yaya Sani da Ma'auninta

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana, Malam Sani, wanda ya koyar da ilimin lantarki a jami'a a nan Jos. Na so in tsaya kan addu'a kamar kowace shekara, amma abin da na gani makon jiya ya hana ni.

Waɗanda suka san ɗakinsa na Rikkos za su tuna bututun gilashin nan, siriri kamar biro. Yakan tura iskar gas ta ciki, ya sakar mata lantarki, sai wani harshen wuta mai launin shunayya ya leƙo. Filasma yake ce mata. Ba ta ƙona yatsa, amma tana kashe ƙwayoyin cuta a faranti, kuma burinsa wata rana ta warkar da gyambo.

Sai dai awon wutar ya fi cin lokacinsa. Yana da wani akwati mai koren gilashi da ke zana layi, daga zanen yake lissafa ƙarfin lantarkin da wutar ke ci. Ya taɓa nuna min. Ya haska wutar kan wani gilashi, zanen ya tsaya siriri. Ya matso da tsokar nama, bai murɗa komai ba, sai zanen ya buɗe. Ya ce jiki na jan wuta fiye da abin da ido ke gani.

Lokacin da ciwon suga ya buɗe wa Innarmu gyambo a ƙafa, na roƙe shi ya gwada mata. Ya ƙi, ya ce bai gama sanin awonta ba. Ya ɗauke ta zuwa asibiti, ina biye da shi ina masifa, ina cewa boko ya busar masa da zuciya. Inna ta warke da ƙafarta, shi ne ya riga ta tafiya.

Ranar rabon gado aka yi wa kayansa ƙima. Akwatin awo ya yi kama da talabijin, sai ya faɗa rabon matarsa, ta sayar wa wani mai gyaran rediyo a Nasarawa Gwom. Bututun da wayoyinsa kuwa tarkace aka kira su, aka bar wa Ɗanlami, ɗan ƙanwar Inna. Babu wanda ya ga an raba wani abu da bai kamata a raba ba.

Makon jiya na bi ta Anguwan Rukuba, na ga layin mutane a bakin wani shago. Na leƙa. Ga Ɗanlami cikin farar riga, ga bututun Yaya a hannunsa, janareta na ta ƙugi a waje. A bango kuwa hoton Yaya Sani ne, an rubuta Dakta a ƙasa. A kan benci Mama Ngozi ce, mai kantin kayan masarufi da ke layinmu, ta miƙe ƙafa. Bakin gyambonta ya yi baƙi.

Na ce, "Ɗanlami, nawa ne ƙarfin wutar nan?"

Ya ce, "Oga, ba ta ƙona. Taɓa ka ji. Ina murɗawa ne har ta yi ƙara irin ta lokacin Yaya."

Da kunne yake awo. Mutumin da ya hana uwarsa wannan wuta, yau da fuskarsa ake kiran jama'a su kawo mata ƙafafunsu. Ban san abin da Yaya zai ce ba da yana raye, don shi ba mai yawan magana ba ne. Amma na san abin da zai yi.

Na zare waya daga bango, na sauke hoton, na ƙwace bututun, na tare wa Mama Ngozi ɗan acaɓa. Mama Ngozi ta ce, "Malam, bar shi ya gama aikinsa. Ƙafa na yana ciwo, kai ba ka da tausayi." Haka ta yi ta faɗa har ƙofar asibiti, kusan da kalmomin da na jefi Yaya da su.

Bututun yana ƙarƙashin gadona yanzu, kuma ba zai ƙara ganin lantarki ba. Na je neman akwatin awo, mai gyaran ya ce tuni ya kwance shi. Abin da ya rage na Yaya Sani ba ya cikin kayan da aka raba, wannan ƙin da ya yi ne na gwada wa Inna wutar, kuma yanzu na san nauyinsa. Likita bai faɗa mana ba tukuna ko ƙafar Mama Ngozi za ta tsira. Allah Ya ji ƙanka, Yaya. Gobe da safe ni zan kai ta wankin ciwo.