Kawu Sale da Kwamfutarsa Mai Suma

Duk wanda ya taɓa shiga shagon gyaran waya na Kawu Sale a Wunti ya san ba a zama haka kawai. Kana gama gaisuwa zai miƙo maka mafici. Tsohuwar kwamfutarsa, wadda yake kira Hajiya, fankar cikinta ta lalace tun ina firamare, in ba a yi mata fifita ba sai ta ɗau zafi ta ɗauke. Shi dai cewa yake ta suma.

Mahaifiyata, ƙanwarsa, ta taɓa cewa za ta saya masa sabuwar fanka. Ya ƙi. Wai in Hajiya ta ji sanyi, yaran da yake koya wa rubuta manhaja za su sangarce.

Ni na faɗa hannunsa ne a sakandare. Malaminmu ya ce duk mai son haɗa wasan kwamfuta nasa na kansa don bikin ƙarshen shekara ya faɗi yaren kwamfuta da zai rubuta shi da shi ranar Juma'a. Wanda bai faɗa ba, za a tura shi rukunin wasu ya riƙa zana musu hotuna. Ni carafke nake so in yi. Mazan ajinmu sun ce in ba C++ ba duk wasan yara ne, Malam yana yabon Python, wata kuma ta ce JavaScript. Ni da ko hannu ba na iya ɗagawa a aji, sai na rasa wanda zan zaɓa.

Da na kai wa Kawu kuka, ko kallon kwamfuta bai yi ba. Ya sa na tsinto duwatsu, ya ce in yi carafken a ƙasan shago, a gaban masu jiran waya. Na yi, kaina a sunkuye. Shi ma ya tattare riga ya durƙusa, ya wurga dutse sama, dutsen ya sauka cikin kofin shayin wani mai keke. Ya ce yanzu ya gane wasan: dutse ya hau, dutse ya sauko, sauran duk ado ne.

Sai ya kafa sharaɗi. Zai nuna mini farkon kowane yare, in gwada a kan Hajiya ba tare da fifita ba, a ga wanda zai sa dutse ya hau ya sauko a allo kafin ta suma.

Da C++ ina ta neman wata 'yar alama da na manta, Hajiya ta tafi. Kawu ya ce wannan na masu ofis mai sanyi ne. Da JavaScript dutsen ya hau bai dawo ba. Kawu ya leƙa bayan allon, ya ce ƙila ya wuce ƙauyen Zungur noma. Da Python ya hau ya sauko, ko da yake ya fi kama da bulo.

Na tambaye shi ko Python ɗin zan ɗauka. Yana kirana Uwata, don sunan kakata ne da ni.

"Uwata, ni zan zauna da shi? Wanne ne da kika yi kuskure kika gane faɗan da yake yi miki?"

Na ce Python, a hankali. Ya kama kunne wai bai ji ba. Na maimaita, ya ce ko sauro ya fi ni murya. Sai da telan da ke maƙwabtaka ya tsayar da keken ɗinkinsa ya leƙo, sannan Kawu ya ce, "To, haka za ki faɗa ranar Juma'a."

Haka kuwa na faɗa. Malam ya amince.

Ranar bikin Kawu ya zo da sabuwar hula, ya buga wasan, ya yi ta faɗuwa, ya ce na sa wa dutsen son kai. Amma ina jinsa yana tare iyayen mutane yana cewa, "Ɗiyata ce ta yi, ita kaɗai."

Bayan babbar Sallah ya kwanta, bai tashi ba. Kunya ta hana ni yi masa godiya yadda ya kamata. Allah Ya jiƙan Kawu Sale, Ya yafe masa, Ya haskaka makwancinsa, Ya saka masa da Aljanna.