Ladan Mai Fito

Makka ba gari ba ne da ke buƙatar wuta don jin ɗumi. Ko a watannin da mutanen gari ke kira sanyi, suna fito da rigunan ulu suna yi wa juna jaje, abin bai wuce iska mai daɗi ba. Saboda haka wutar da na tashi ina zama a gefenta ta sana'a ce. Kakata Hauwa, wadda muke kira Iya, tana suyar gyaɗa a cikin yashi a saman rufin gidanmu na unguwar Ka'akiyya, tsakanin magariba da lisha, don ta fita da ita da safe. Kasko a kan gawayi, ita a kan 'yar kujera, mu jikoki biyar a kan tabarma muna ƙulla wadda ta huce a leda. Tatsuniya ce ladanmu, kuma ban taɓa ganin ta biya kafin aiki ba.

Iya ta baro ƙasar Hausa tana amarya, ita da kakana, a ƙafa. Sun yi noma a Chadi, sun tsinci auduga a Sudan, a can aka haifi mahaifiyata, Umma, kuma da ita a goye Iya ta haye teku. Ta shekara arba'in da ɗoriya a Makka, amma Larabcinta bai taɓa zama a bakinta ba, kullum kamar baƙon da ya ƙi cire takalmi. Takan mai da namiji mace, mace namiji, masu shago su gane abin da take so su sallame ta. A kan tabarmar nan kuwa ita ce hukuma. Wanda duk ya yi suɓul da baka ya yi Larabci sai ya maimaita da Hausa, ko da kukan an taka shi yake yi.

Tana da yadda take buɗewa. Sai ta buga ludayin suya a bakin kasko ta ce, "Ga wata nan ta taso daga nesa, ƙafarta duk ƙura." Mu kuma mu ce ta shigo ta sha ruwa.

Tatsuniyar mai fito na ji ta ya fi a ƙirga, amma maraice ɗaya ne ya zauna mini, saboda abin da ya faru da ranarsa. Ina da shekara goma sha ɗaya. An hana masu talla zama a inda Iya ta saba, sai ta ɗauko farantinta ta dawo ƙofar makarantarmu ta 'yan mata. Da aka tashi na fito tare da wata 'yar ajinmu, 'yar unguwar Rusaifa, mai jaka mai kyau, wadda na yi wata biyu ina neman shiri da ita. Sai na ji muryar da na sani ta ratso hayaniyar titi: "Zainabu! Ta'ali, zo ki karɓi naki." Yarinyar ta dube ni, ta tambaya ko na san matar. Ban ce a'a ba. Ko a lokacin ina da dabara. Na waiga kawai na ce, da Larabcin makaranta mai tsabta, "Shukuran, ya hala," wato irin godiyar da ake yi wa kowace tsohuwa a titi, na wuce.

Da magariba na hau rufi ina jiran hukunci. Iya ba ta faɗa wa kowa ba. Ta buga ludayi ta fara.

Wai wata mata ce da goyo ta nufi gabas, kuma tsakaninta da inda za ta akwai ruwa bakwai. A bakin kowane ruwa akwai mai fito da kwalekwalensa, tsoho ne, ko shi ɗaya ne ko 'yan gida ɗaya ne, ba a sani ba. Ba ya karɓar wuri, ba ya karɓar hatsi. Kalma yake karɓa. Ka faɗe ta a bakin gorarsa, ya toshe, daga ranar ba za ta sake zuwa bakinka ba. A ruwan farko matar ta yi murna da araha, ta ba shi sunan wata ciyawa da ko awaki ba sa ci. A na biyu ta ba shi "ludayi", daga nan sai dai ta ce a miƙo mata abin nan. A nan mukan kwashe da dariya, don Umma ba ta da aiki sai a miƙo mata abin nan. A na uku ta ba da waƙar da uwarta ke yi in tana daka. A na huɗu ta ba da gaisuwar da ake yi wa wanda aka yi wa rasuwa, ta zama in ta shiga gidan makoki sai ta zauna shiru ana kallonta.

Ranar, don in nuna ba na jin komai, na katse ta na ce me ya hana matar ta biya da kalmomin da ta tsinta a hanya, tunda ta ratsa garuruwa. Iya ba ta ɗago daga kaskon ba. Ta ce ai ta gwada. Mai fito ya shinshina kalmar ya mayar mata, ya ce wannan ba a gidanku aka dafa ta ba.

Ruwa na bakwai na gishiri ne, ba a hango ɗaya gaɓar. A nan tsohon ya ce ya gaji da ƙananan kalmomi. Ya ce yana jin abu biyu masu nauyi a bakinta, sunan garinsu da sunan 'yar da ke bayanta, ta zaɓi ɗaya ta ba shi. Kullum a nan Iya ke tsayawa, kamar ta haɗa baki da ladanai, don daidai lokacin kiran lisha ke tashi daga masallatai ta kowace kusurwa. Sai ta tambaye mu wanne matar ta bayar, mu yi ta gardama, ita kuma ta ce ta sauke tatsuniyar a nan, mai ƙarfi ya ɗauka.

A wannan maraicen ni kaɗai ta tambaya. "Ke malama, mai Larabcin makaranta, me za ki ba shi?"

Na ce sunan yarinyar, domin yarinya ana iya raɗa mata wani, gari kuwa ba a sake masa suna. Na ji daɗin amsar ƙwarai. Iya ta gyaɗa kai ta ce Allah ya haɗa ni da mai fito mai sauƙin kai. Sannan ta ciro ƙullin gyaɗa daga bakin zanenta ta ajiye a cinyata. "Naki na ɗazu," in ji ta.

Na girma na karanta Ingilishi, na koyar da shi shekara goma sha biyu a Makka. Rabin aikin a gaban allo nake yin sa ina nuna wa 'yan mata yadda ake ɗora haƙori a kan leɓe don a fitar da harafin v, wanda babu shi a Larabci, babu shi a Hausa. Daga baya aiki ya kai mijina wani gari a kudancin Sifaniya, muka bi shi ni da 'yarmu, tana da shekara huɗu. Da littattafan Ingilishi na fara koyon Sifaniyanci, da Ingilishi nake neman agaji in na maƙale a kanti, har maƙwabta suka laƙaba mini Ba'ingilishiya. Ni, jikar mai gyaɗa daga Ka'akiyya, da hijabina. Ban gyara musu ba.

Wadda ta ɗauki nauyin bakina wata tsohuwar malamar firamare ce, Malama Pilar, mai haƙuri irin na wanda ya riga ya fid da rai. Takan kafa mini madubi a kan teburin cin abincinta. Ta ce ina jan wasula kamar mai jan ƙafa, alhali su biyar ne kacal, a buɗe baki a faɗa a rufe. Ta ce in raba haƙorina da leɓena, don su v ɗinsu kusan b ne, leɓɓa biyu ke matsowa kamar za su haɗu sai su fasa. Abin da na shekara goma sha biyu ina dasawa a bakin 'ya'yan mutane, shi aka sa ni in tuge daga nawa. Wata rana na gaji, don in huce haushi na karanta mata shafi guda da bakin Iya, yadda Iya za ta karanta da ta iya karatu. Malama Pilar ta daki tebur ta ce yau na yi magana kamar mutum. Ta tambaya wane harshe ne wannan. A takardar da na cike mata ranar farko, harsuna biyu na rubuta, Larabci da Ingilishi. Na ukun ban ma lissafa shi ba.

'Yata sunan Iya ta ci, don Iya ta rasu ana saura 'yan watanni a haife ta. Umma ba ta iya kama sunan uwarta, sai ta ce Iya ƙarama. Ni ce mai cewa Hauwa. A makarantarsu ba a furta h, kuma wata malama mai son taimako ta gano cewa Hauwa'u ita ce Eva a wurinsu, shi ke nan suna ya bi ta. Cikin shekara biyu ta wuce ni. Ta fara gyara mini magana a gaban mai burodi. Tana da shekara takwas ta roƙe ni, cikin ladabi, in na zo ɗaukarta in riƙa ɗaga hannu daga nesa, ba sai na yi kira ba.

Makarantar tana da al'ada, kowace Juma'a uwa ko uban wani ya zo ya ba yara labarin ƙasarsu. Da layi ya zo kaina, Hauwa ta kwana biyu ba ta cin abinci sosai. A na uku ta zo ta tsaya a ƙofar kicin. "Mama, in kin zo kada ki ce Hauwa. Dariya suke yi, wai kamar haushin kare."

Na ce mata za mu gani, amsar da iyaye ke bayarwa in ba su da amsa.

Na zaɓi mai fito, na yi sati uku ina juya shi da Malama Pilar. Da na ga ba ni da ƙarshen labari, na kira Umma a Rusaifa, inda take zaune yanzu, na tambaye ta ko Iya ta taɓa faɗa mata wanne matar ta bayar. Ta ce ita ma a kiran lisha ake barin ta. Har za mu yi sallama na ce, af, wai ma mene ne sunan garin su Iya? Umma ta ce, "Wallahi ma adri, ban sani ba, Zainabu. Garinmu kawai take cewa. Babanta dai wai mai rini ne." Ta ce wataƙila wajen Haɗeja ne, ko kuwa can wajen Damagaram, ta ce in jira ta tambayi wance, sai ta tuna wance ma ta rasu.

Ranar Juma'a na tsaya a gaban yara ashirin da 'yan kai. Na buɗe baki da wasulan Iya, abin ya tafi. Sun yi dariya a wurin ludayi, sun yi tsit a gidan makoki. Da muka iso ruwan gishiri na tsaya, na tambaye su wanne matar za ta bayar. Wani ya ce ta yi iyo. Wata ta ce ta kira 'yan sanda. Sai na ga hannun 'yata a sama, can layi na uku, a miƙe, idonta a kaina. Malamarsu ta yi mini alama da kai in kira ta.

Ban ɗora haƙori a kan leɓe ba. Leɓɓan suka matso kamar za su haɗu suka fasa. Na ce, "Eva." Tun da na fara koyon harshen nan ban taɓa furta kalma da kyau kamar wannan ba, da Malama Pilar na wurin da ta sake dukan tebur. 'Yata ta yi murmushin da na daɗe ban gani ba, ta miƙe, ta ba da amsa da Sifaniyancinta mai tsabta. Ta ce sunan garin za ta bayar mana, don in uwa ba ta iya kiran 'yarta, yarinyar za ta ɓata a ɗaya gaɓar ba wanda zai nemo ta. Aka tafa mata. Ni ma na tafa.

Yanzu muna hutu a Makka. Jiya na sa mijina ya bi da mu ta Ka'akiyya. Gidan yana nan, wasu ne a ciki, an jera tankunan ruwa a inda muke shimfiɗa tabarma. Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar gargaɗi ce ga masu tafiya, cewa hanya tana cin mutum kaɗan-kaɗan. Da na yi karatu na ɗauka kuka ne a kan harshe, har na taɓa faɗin haka a aji da kalmomi masu tsawo. Yau abin da ke damuna ya fi waɗannan ƙanƙanta. Mai fito bai taɓa ƙwace wa kowa komai ba, gora kawai yake miƙowa. Iya ta zuba masa gari guda, da marinar babanta da duk wanda ta sani a cikinsa, ta haye da suna ɗaya a baki. Shi ya sa take kiran 'ya'yanta da jikokinta da ƙarfi a tsakiyar titi, da nauyin harshenta, ko wa ke ji. Ni kuwa garina yana nan, na san sunansa da harsuna huɗu, ina iya nuna shi a taswira.

A mota na waiga ina so in nuna wa yarinyar rufin kafin mu wuce. Na ce, "Hauwa." Tana kallon waje ta ɗaya tagar. Sai da na sake kira sannan ta juyo, lokacin mun riga mun sha kwana.