Tabon da Ba Ya Zufa

Ranar wata Talata ce a tsakiyar bazara, shekarar da na cika goma, tun Turawa suna riƙe da ƙasar, aka tura mu sussuka bayan gari. Unguwarmu tana gefen Haɗeja ta wajen kogi, kuma a lokacin ruwa ya janye ya bar fadama ta tsattsage, iskar da ke busowa daga can kamar daga bakin murhu take fitowa. Mu 'yan mata shida muka kewaye turame biyu muna luguden taɓare muna waƙa, zufa na bin mu tun daga goshi har dugadugai. Duk wadda ta taɓa sussukar gero ta san ƙaiƙayi, yadda yake tashi ya manne a jiƙaƙƙen jiki, ya mai da baƙar yarinya toka-toka, ya sa ta susa har ta ji wa kanta ciwo. Na sunkuya zan kwashe tsaba ke nan sai Ladi, 'yar Goggo Hansatu ƙanwar babana, ta tsai da daka ta nuna bayana da taɓarya. "Ku zo ku gani, Azumi ta goyo farin wata!" Ashe a ƙasan kafaɗata ta hagu akwai wani wuri mai faɗin tafin hannu, jaja-jaja, busasshe ƙamas, ko ƙwayar ƙaiƙayi ɗaya ba ta zauna a kansa ba.

Ni kuwa da yake tun ina ƙarama zuciyata ba ta zama inda jikina yake, sai maganar ta yi mini daɗi. Muna hanyar gida da ƙwarya a ka ina ta saƙa cewa alama ce aka yi mini, wata rana wani kyakkyawan saurayi zai sauko daga jirgin ƙasa a Malam Madori yana cigiyar yarinya mai farin wata a baya. Goggo ce ta tsinke mini wannan zaren. Ita ke riƙe da gidan, don mahaifiyata ta rasu tun ina goye, Baba kuma ya bi kogi gabas wajen kamun kifi, ba ya dawowa sai an yi ruwan shuka. Da Ladi ta kai mata labari, ta tsayar da ni a tsakar gida, ta karyo ƙayar aduwa ta ce in rufe ido, in na ji tsini in yi magana. Na rufe ina jira, ina jin kukan kurciya a kan katanga, ina mamakin me ya hana ta farawa. Ashe har ta soki tabon sau uku. Ta jefa ƙayar a wuta, ta wanke hannu da toka, ba ta ambaci sunan ciwon ba, amma kafin la'asar unguwa duk ta san kuturta ta shigo gidanmu.

Daga ranar aka ware mini wani akushi mai tsagaggen baki da moɗar da aka ɗaure wa tsumma don kada wani ya ɗauka bisa kuskure. Tabarmata ta koma kusa da turken awaki. Aka hana ni surfe da tankaɗe, aka bar mini sharar kashin dabbobi da ɗebo itace. In na je kogi wanki sai 'yan mata su kwashe kayansu su koma sama da ni, don kada ruwan da ya taɓa ni ya iso musu. "Ja can, kada inuwarki ta faɗa mini a tukunya," abin da Goggo ke ce mini ke nan kullum in ta ɗora girki. Ladi kuwa, wadda a da taubasantaka ce kawai tsakaninmu, muna zagin wasa muna cin tuwon shinkafa a akushi ɗaya, ta shirya mini waƙa ta musamman, tana dunƙule yatsunta tana rawa yara na amshi. Na ji Goggo da kunnena tana gaya wa maƙwabciya cewa da Baba ya dawo za a kafa mini bukka a bayan gari. Na tsani Ladi tsana mai nauyi, irin wadda yaro bai kamata ya iya ɗauka ba.

Ana nan sai mai unguwa ya sa aka yi shela cewa malamin asibiti zai zo duba yara. Ya iso da hantsi a kan keke, sanye da kaki, da akwatin ƙarfe ɗaure a baya. Duk mai tabo a jiki sai ya sa shi ya ruga har gindin tsamiyar bakin fadama ya dawo sau uku cikin rana, sannan ya duba ko tabon ya yi zufa. Wanda nasa ya jiƙe sai ya ce makero ne, ya sallame shi. Da na fahimci haka sai dabara ta zo mini. Na lallaɓa na tsoma gefen kallabina a tulun masu kallo, a gudu na uku na laɓe bayan tsamiya na matse shi a kan tabon. Na dawo ina haki, ruwa na gangara a bayana, ina hango akushin gida da hannuna a ciki. Malamin ya duba, har ya buɗe baki zai sallame ni, sai muryar Ladi ta tsaga taron: "Malam, ƙarya take, ruwan tulu ta shafa! Lasa ka ji in da gishiri!" Aka fashe da dariya, har da manya.

Shi bai yi dariya ba. Ya goge mini baya da auduga, ya sa na sake gudun, na dawo jikina sharkaf, tabon nan kuwa ƙamas kamar faifai. Ya zaunar da ni ya ce, da ƙarfi yadda Goggo za ta ji, wai zufa ba ta fitowa don ganin damarta. A ƙarƙashin fata akwai ƙananan maɓuɓɓugai, kowace kuma da siririyar jijiya da ke kawo mata saƙo cewa jiki ya yi zafi, ta buɗe. Ciwon nan jijiyoyin yake ci, har da masu kai labarin tsinin ƙaya, shi ya sa maɓuɓɓugan suna nan amma babu mai kiransu. In an bar shi zai bi jijiyoyi har yatsu. Ya ba ni wata farar ƙwaya na haɗiye a gabansa, ya ce in riƙa zuwa karɓa ba fashi, ya kuma ce wa Goggo mai shan magani ba a kafa masa bukka. Ta ja tsaki, amma ba a kafa ɗin ba. Akushi kuwa bai sake haɗa ni da Ladi ba, don ko da aka ce na warke bayan shekaru, ni ce na ƙi.

Yanzu jikokina suna kwance ƙarƙashin fanka suna ƙorafin zufa kamar wata masifa, ni kuwa in ta keto mini a goshi sai in yi hamdala. Tsamiyar an sare ta, injin ya karɓe sussuka, ba a ƙara jin lugude a bayan gari. Tabon yana nan, har yau bai taɓa jiƙewa ba, saurayin jirgin ƙasa kuma bai zo ba sai a cikin littattafan soyayyar da na tara a adaka. Ladi ta rasu a Kafin Hausa inda ta yi aure, ba mu shirya ba. Na san ba don ƙauna ta ɗaga murya a ranar ba, so take a kore ni. Amma da ta yi shiru, da an sallame ni ba magani. Yatsu goman nan da nake riƙe alƙalami da su, ƙiyayyar Ladi ce ta bar mini su.