Ranar da Aka Sace Sunan Mailafiya

Kakanmu Mailafiya dillalin dabbobi ne a kasuwar Belbeji. Shekara talatin yana buɗe bakin raƙuma yana duba haƙora. Bai yi boko ba, amma in ya ɗora hannu a wuyan dabba ya ce shi ne lamuni, magana ta ƙare: ta fito ta sata ko mai ciwo, shi zai biya. Buzayen arewa a gidansa suke sauka, su damƙa masa igiya su koma shan shayinsu.

A 1979, lokacin da kowa ke zancen arzikin ma'adinin Arlit, motar da ke kawo wasiƙu daga Tanut ta soma zuwa da wasu takardu masu ƙyalli daga Kwatano. Mushe Sidi, kamar yadda ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, shi ke karanta wa mutane: wai wani kamfani zai haƙa sabon rami a arewa, yana sayar da hannun jari da araha, ka zuba kuɗin akuya bana, ka kwashi na raƙumi baɗi. Masu tsire suka samu abin naɗe nama, mata suka samu na hura wuta. Shi kuwa Mailafiya abin ya tsaya masa a rai, don a takardar da aka aiko masa an gaishe shi da sunansa, kuma bai saba a gaishe shi ya yi shiru ba.

"Mushe, rubuta musu na amsa gaisuwa. Ka ce abin da ban ga ƙafarsa ba, ba na sayensa. In suna da kamfani su koro shi kasuwa in duba."

"Baba, irin waɗannan ba a ba su amsa."

"Rubuta dai, ɗan nan. Bokon ne ya hana ku amsa sallama?"

Aka rubuta, ya dangwala yatsa.

Bayan wata biyu wasu takardun suka sake zuwa, bai kula ba, sai da Dado ta zo. Bafulatana ce da mijinta ya rasu a farin da ya wuce. Ta durƙusa ta ce ta sayar da awakinta uku ta aika kuɗin ta gidan waya a Tanut. "Baffa, da na ji kai ne tsaye, ban ko yi shawara ba."

Ya aika aka kira Mushe. Ga shi nan a ƙasan kowace takarda: wakilinmu kuma lamuninmu a Damargu, Mailafiya dillali. Har da hoton dangwalen yatsansa.

Ranar kasuwa Aghali, babban baƙonsa na shekara ashirin, ya jawo taguwa, raƙumarsa mai nono, ya ce a sayar, zai sayi jarin.

"Ba ta hannuna ba," in ji Mailafiya.

"Maigida, sunanka na ciki."

"Sace shi aka yi."

"Kai kake son ci kai kaɗai. Dillalai sun ƙare a Belbeji ne?"

"Ga su can zube. Ni dai ba zan mai da nonon ƴaƴanka takarda ba."

Aghali ya gyara rawaninsa ya ja taguwarsa gaba. Mailafiya bai bi shi da kallo ba. Ya sa mai shela ya buga ganga, shi kuma ya hau kan buhunan gishiri, ya faɗa da Hausa, ya sake da guntun Buzancinsa da Fulatanci: bai san masu takardar nan ba, bai tsaya musu ba, kuma duk wanda ya riga ya aika kuɗi don ya ga sunansa ya zo masa da rasit ɗin gidan waya.

Da ya kai ƙara, jandarmomi suka ce Kwatano a wata ƙasa take, ba su da hannu a can. Da yamma ya kwance awaki uku a garkensa ya miƙa wa Dado igiya. Kakarmu Raliya ta tare ƙofa.

"Malam, kai ka ce mata ta saya?"

"Ni ban ce ba. Sunana ya ce. In na bar shi ya yi ƙarya sau ɗaya, da me zan shiga kasuwa gobe?"

Ta kauce, amma kwana uku ba ta yi masa magana ba. Wasu suka biyo bayan Dado da nasu rasit ɗin, har garken ya zama turaku kawai. Aghali bai sake sauka a gidan ba, kuma kakanmu bai taɓa aika a ba shi haƙuri ba.

Ƴan'uwansa dillalai suka laƙaba masa "wakilin Kwatano", sunan ya bi shi har ya tsufa. In wani ya jefo masa shi a tsakiyar kasuwa, yakan juyo ya dogara sandarsa ya ce, "Na'am. Saura wa ban sallama ba?"