Tsakanin Ruwa da Burodi

Duk wanda ya san ni a asibitin da nake aiki ya san bakina ba ya zuwa hutu. Ko barci nake, sai na ba matashin kai labari. To ni ɗin nan aka taɓa sa wa takunkumi a Landan, da kofin ruwa guda.

Wani abokin aikina, Bayahude mai riƙon addini, ya gayyace ni da uwargida abincin ranar Asabar. Muka taso daga Deptford, muka sha bas, muka sha tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, muka tarar da gidansa cike da dangi.

Kafin a zauna ya nuna mana wani kofi mai mariƙi biyu a bakin famfo. Ya ce a addininsu ba a cin burodi sai an cire zobe, an kwara ruwa sau biyu a hannun dama, sau biyu a hagu, an yi addu'a. Daga nan kuma ba magana sai burodi ya shiga baki.

Na ce, "Haba, wannan ai ƙanin alwala ne! Ku matsa ku ga gwani."

Uwargida ta ja mini riga. "Malam, ka ji ƙarshen zancen kuwa?"

"Ni da nake azumin wata guda? Wallahi ba zan kunyata mai gida ba."

Na riga kowa, na wanke tas, na zauna ina ƙyalli. Sai da na waiga na ga ta'asar da na yi wa kaina. Layi ne har ƙofar falo, kofi ɗaya, kowa yana wanki kamar zai shiga tiyata. Masu wayo duk sun koma baya suna ta hirarsu.

Can ƙarshen layin akwai mahaifiyar mai gida, tsohuwa mai sanda da idon tsokana. Ta dogaro har gabana.

"Ɗana, ya aiki? Ya yara?"

Jama'a, babba ta gaishe ni, ni Bahaushe, in yi gum? Na duƙa, na dafa ƙirji, na gyaɗa kai har wuyana ya yi ƙara.

"An ce kai ne mai labarin akuyar da ta shiga motar amarya. Ba ni in sha."

Labarina! Wanda na fi shekara ashirin ina gyara shi! Uwargida, da ba ta wanke hannu ba, ta gyara zama ta ce, "Mama, bari in ba ki. Wata tunkiya ce..."

Tunkiya! Uwargida ta tsallake zancen direban motar, ta kawo ƙarshe a tsakiya, aka kuma yi mata dariya. Na ciji leɓe, ina gurnani kamar tsohon firji, kalmomi suna dukan haƙorana ta ciki.

Da ƙyar tsohuwa ta wanke nata. Mai gida ya yi addu'a, ya yanka burodi, ya dangwala a gishiri, aka miƙo mini. Ban tauna ba, haɗiya na yi.

"Akuya ce! Akuya!"

Falo ya kece da dariya. Mai gida yana share hawaye ya ce, "Abokina, ka fitar da ni kunya. Amma fa dokar ba ta hau kanka ba, tunda kai ba Bayahude ba ne. Tun jiya na gaya wa madam."

Na juya na dube ta. Tana shafa wa burodinta man shanu ta ce, "Tun da aka ɗaura mana aure, yau na fara kai labari ƙarshe."